Da Muguwar Rawa Gwamma Ƙin Tashi

Ƙarfe bakwai na safiyar Talata muka isa bakin ruwa da kayanmu, ni da ƙanena, kamar yadda aka ce mu zo. Jirgin yana nan ɗaure da igiya a jikin wani dandamalin katako, yana ɗan lilo kamar kwale-kwalen masunta. Matuƙin ma yana nan, wani dattijo mai furfura a gemu, da dogon takalmin roba har gwiwa, riƙe da kofin gahawa. Muka gaisa. Ya dubi kayanmu, ya dubi tsaunin da ke tsallaken ruwa, sannan ya ce mu shiga ofis mu zauna, tafiya ba yanzu ba. Na ɗaga kai na duba sama. Ni dai ban ga hadari ba, ban ji tsawa ba, iska ko ganye ba ta motsawa. Yayyafi ne siriri, irin wanda a Kano ko lema ba za a buɗe masa ba.

Ziyara ce ta kai ni Amurka, wurin wannan ƙanen nawa da ke aiki a Siyatul. Da kwanakina suka kusa ƙarewa sai ya ce, “Yaya, ba za ka koma gida ba ka ga Alaska ba.” Shi ya shirya komai. Tafiyar kamar awa biyu ce a babban jirgi daga Siyatul zuwa Kecikan, wani ɗan gari mai mutum wajen 8,000 da ke maƙale tsakanin tsauni da teku a kudu maso gabashin jihar. Filin jirgin saman garin ma a wani tsibiri daban yake, sai ka sauka ka shiga jirgin fito ya tsallakar da kai. Babu titin mota da ya haɗa Kecikan da sauran duniya. Haka Juno, babban birnin jihar. Fiye da kashi 80 cikin 100 na garuruwa da ƙauyukan Alaska hanyar mota ba ta kai musu. Saboda haka ƙaramin jirgin sama a nan shi ne motar haya, shi ne motar asibiti, shi ke kai wasiƙa da buhun fulawa. Inda babu filin sauka kuwa, wanda shi ne akasari, sai a cire wa jirgin tayoyi a ɗaura masa wasu dogayen kwale-kwale biyu na gorar ruwa a ƙasa, kowane tabki da mashigin teku ya zama masa tasha.

Shirinmu shi ne jirgi ya kai mu wani tabki a cikin dajin Tongas, ya bar mu kwana biyu a ɗakin katako na hukumar gandun daji, ya dawo ya ɗauke mu safiyar Alhamis. Da yammar Alhamis mu koma Siyatul, ran Asabar in hau jirgin gida. Lissafi ya fita tsaf a takarda.

A ofis muka tarar da wata mata a gaban kwamfuta tana ta sauya hotuna. Na leƙa. Hotunan tsaunuka ne da mashigan ruwa, wasu a fili, wasu fari fat kamar an shafa musu alli. Ta ce kyamarori ne da hukumar sufurin sama ta Amurka ta kafa a mararrabar tsaunuka da bakin teku, aikin da aka fara tun 1999, yanzu sun haura 200 a Alaska. Kowace tana aiko da sabon hoto bayan 'yan mintuna, a gefensa kuma ga hoton wurin a ranar da gari ya waye tas, don mai kallo ya gane abin da ya ɓace. Dattijon ya shigo ya tsaya a bayanta. Bai ce uffan ba. Ya sa yatsa a kan wani hoto inda ya kamata a ga ƙoƙon tsauni amma babu shi, ya juya ya fita.

Takwas ta yi, tara ta yi, goma ta wuce. Ina jin ƙarar wasu jiragen suna tashi daga kan ruwa, sai raina ya fara ɓaci. Mu da muka taso a tasha mun san direba iri biyu: mai zuciya, da mai sanyin jiki da fasinja ke yi wa tsiya. Na ce wa ƙanena da Hausa, “Wannan Baban naka tsoro ne da shi. Ga wasu can suna ta tafiya.” Ya ce, “Yaya, ka yi haƙuri, nan ba a yin haka.” Ban saurare shi ba. Na fita na sami dattijon a bakin ruwa, na yi masa bayanin cewa kwanakina ƙidayayyu ne, daga nesa na zo, in ma ƙarin kuɗi ne ba matsala. Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Bai yi fushi ba. Ya ce waɗanda nake ji suna tashi yamma suka nufa, can a buɗe take, mu kuwa gabas za mu. Sannan ya ce, “Kuɗinka ba zai ɗaga gajimaren can ba. In na ɗauke ka yanzu, abin da na sayar maka shi ne tashi. Sauka kuwa ban san inda za mu same ta ba.” Ya miƙo mini wani ɗan fanfo na hannu ya ce in ina neman abin yi, in taya shi kwarfe ruwa.

Da haka na san jirgin. Kowane kwale-kwale an raba cikinsa ɗaki-ɗaki, kowane ɗaki da ɗan murfinsa a sama. Komai kyan ɗinkin ƙarfen sai ruwa ya tsattsafa ciki, don haka kafin kowace tafiya sai an bi su ɗaya bayan ɗaya an zuƙe. Ruwan da aka manta a ciki nauyi ne da matuƙi bai lissafa ba, kuma yana iya gangarawa baya ko gefe a daidai lokacin da jirgi ke neman tashi. Ya tsiyayo mai kaɗan daga ƙarƙashin tanki a wata 'yar kwalba, ya ɗaga ta sama yana neman ɗigon ruwa a gindinta. Sunan jirgin Beaver, ƙirar kamfanin de Havilland na Kanada. Na farkonsu ya tashi a watan Agustan 1947, aka ƙera 1,657 kafin a daina a 1967, amma har gobe ɗaruruwansu na aiki. Injinsa mai silinda tara ne da aka jera a zagaye kamar ƙafafun gizo, ƙarfin doki 450. Ya nuna mini bakin zuba baƙin mai a cikin ɗakin matuƙi, kusa da gwiwar wanda ke zaune a gaba, don ko ana cikin tafiya a iya ƙarawa. Na yi lissafi a zuci na ga jirgin ya girme ni.

Wajen ƙarfe biyu na rana gajimaren ya ɗan ɗaga, ƙoƙon tsaunin nan na tsallake ya bayyana. Sai ga dattijon ya zama wani mutum daban, komai da hanzari. Aka auna kayanmu a sikeli, mu ma aka auna mu. Ya tsara lodin da hannunsa, masu nauyi gaba, marasa nauyi baya, ya ɗaure da raga. Ya ba mu rigar ceto mai hurawa, ya ce ko da wasa kada mu ja igiyarta muna cikin jirgi, domin in jirgi ya kife a ruwa rigar da ta kumbura za ta manna mutum a rufi ya kasa fita. Ya sa kowa ya kama mariƙin ƙofarsa ido a rufe har sau biyu. “Ƙofa tukuna, sannan bel. In ka fara kwance bel, ba za ka san sama da ƙasa ba.” Na yi addu'ar hawa abin hawa da ƙarfi fiye da yadda na saba.

Jirgin ruwa-da-sama ba shi da birki. Da an kwance igiya an tayar da inji, tafiya ta fara ke nan. Muka ratsa mashigin a hankali, ga manyan jiragen 'yan yawon buɗe ido a gefe kamar benaye, ga ƙananan jiragen masunta, shi kuma yana ta magana a rediyo yana waige-waige. Da ya ba shi wuta, hancin jirgin ya ɗaga sama har na daina ganin gaba, ruwa na fantsama ta ko'ina, sai kuma hancin ya sauko, kwale-kwalen suka hau saman ruwa suna sulɓi. Ƙarar dukan ruwa ta yi ta ƙanƙancewa har ta ɗauke ɗif. Mun tashi.

Duk wanda bai ga wannan ƙasa daga sama ba, da wuya ya yarda. Daji ne baƙi-ƙirin na dogayen itatuwa masu ganye kamar allura, ba gona, ba hanya, ba hayaƙin girki. Dajin Tongas ya kusa eka miliyan 17, babu gandun daji na gwamnati da ya kai shi girma a Amurka. Teku ta kutsa cikinsa ta dogayen kwazazzabai da ƙanƙara ta sassaƙa tun zamanin da. Ruwan sama a Kecikan yakan kusa mita 4 a shekara, alhali Kano wajen mita ɗaya take samu ko ƙasa da haka. Iskar teku mai laima ce ke bugun tsaunukan, ta hau, ta yi sanyi, ta zama gajimare. Ɓangaren da muka nufa ma sunansa Misty Fjords, wato mashigan teku masu hazo, kuma shugaba Jimmy Carter ne ya keɓe shi a 1978.

Muna tafe a ƙarƙashin gajimare kamar masu tafiya a ƙarƙashin rumfa. Na lura dattijon ba ya bin tsakiyar kwari, sai ya raɓa gefe guda har ina ganin rassan itatuwa. Na tambaye shi ta makirufo. Ya ce wanda ya bi tsakiya ya raba filin juyawarsa biyu, kowane rabi bai ishe shi ba. Wanda ya raɓa gefe kuwa duk faɗin kwarin nasa ne ranar da ya so komawa. Ban san ranar ta zo ba.

Bayan kamar minti goma sha biyar kwarin ya fara tsukewa, ƙasa tana tasowa, rumfar nan ta sama tana saukowa. Can gaba akwai wata 'yar ƙofa tsakanin tsaunuka biyu, haske na leƙowa ta cikinta. Ni ina ganin hasken nan na ce alhamdulillahi, mun kusa. Sai wani farin labule na ruwa ya sauko ta hagu, hasken ya dushe, ya dawo, ya sake dushewa. Dattijon ya ce, “A'a.” Kalma ɗaya. Ya kwantar da fiffike, duniya ta karkace, tabki da itatuwa suka cika tagata, cikina ya yi ƙasa. Kafin in gama salati mun fuskanci inda muka fito.

Na ce, “Amma ai ana ganin haske.” Ya ce, “Haske na gani, ban ga ruwan da ke bayan ƙofar ba. In ban ga inda zan sauka a wancan gefen ba, ba na shiga. Irin wannan ramin yakan rufe a bayanka.” Ya ce za mu bi doguwar hanya, mu zagaya tsibirin da Kecikan ke kai ta kudu mu hau mashigin Bem. A can ko gajimare ya matse mu, ƙasanmu duk filin sauka ne, sai mu sauka mu ɗaure jirgi a wani lungu mu jira.

Sai da na koma gida na karanta na fahimci abin da ya guje wa. Irin wannan tuƙi da ido ake yin sa. Dokar Amurka ta ce mai ɗaukar fasinja da rana kada ya yi ƙasa da ƙafa 500 daga doron ƙasa, in kuma gajimare ya sauko ƙasa da ƙafa 1,000, to sai yana hangen mil 2 a gabansa. Da zarar jirgi ya shiga cikin gajimare, ido ya rasa layin da ya raba sama da ƙasa, sai cikin kunne, inda ma'aunin daidaiton jiki yake, ya fara yi wa mutum ƙarya. Jirgi na karkata, jikinsa na ce masa a miƙe yake. A 1954 jami'ar Illinois ta gwada matuƙa 20 da ba su koyi tuƙi da na'ura zalla ba, aka rufe musu gani. Dukkansu jirgi ya ƙwace musu, a matsakaicin lokaci na daƙiƙa 178. Ko minti uku bai cika ba. Wanda ya iya tuƙi da na'ura ma, a cikin kwari mai bango ta kowane gefe, iyawar ba ta hana shi karo da dutsen da bai gani ba.

Kuma a wannan yankin abin ya sha faruwa. Ran 25 ga Yunin 2015 wani jirgi ƙirar Otter ya taso daga Misty Fjords da 'yan yawon buɗe ido takwas, zai mai da su Kecikan su tarar da babban jirgin ruwansu kafin ya ɗaga. Sun makara. Hanya biyu ce a gaban matuƙin, gajeriya ta kan tsaunuka da doguwa ta kan ruwa, bambancinsu kamar minti biyar. Ya ɗauki gajeriya, ya shiga hazo, ya daki dutse kusa da tabkin Ella. Duk su tara suka rasu. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, ba ta tsaya kan matuƙin kaɗai ba, wanda bai cika wata biyu yana tuƙi a yankin ba. Ta ɗora laifi har kan al'adar kamfanin, da ke kau da kai ana tashi cikin mugun yanayi saboda gasar neman fasinja. Ran 5 ga Agustan 2021 wani Beaver irin namu ya sake faɗawa tsauni a yankin cikin hazo, mutum shida suka tafi. Da na karanta waɗannan sai na tuna kaina tsaye a bakin ruwa ina cewa in ƙarin kuɗi ne ba matsala.

Doguwar hanyar ta biya mu ladan haƙuri. A tsakiyar mashigin Bem wani dutse ya miƙe shi kaɗai daga cikin teku kamar hasumiya, tsayinsa ƙafa 237. Kyaftin George Vancouver ne ya sa masa suna New Eddystone da ya biyo ta nan a 1793, ko da yake mutanen Tilingit sun riga shi sanin wurin da dubban shekaru. Daga nan muka karya muka hau wani kwari mai faɗi, sai ga tabkinmu kwance a tsakiyar daji.

Na ɗauka wahala ta ƙare, don ruwan ya kwanta luf, babu ko ɗigon motsi. Tsaunuka da gajimare sun bayyana a cikinsa kamar a madubi. Na ce, “Yau sauka mai daɗi.” Dattijon ya ce mu yi shiru, kada wanda ya sake yi masa magana sai ya ce. Ashe wannan ne ruwan da matuƙa suka fi shakka. Ruwa mai 'yan ƙananan igiyoyi yana nuna wa ido inda fuskarsa take. Ruwa mai kama da madubi kuwa ba ya nuna komai, mutum sai ya zaci saura ƙafa ashirin alhali ya iso, ko ya zaci ya iso alhali yana sama. In hancin kwale-kwale ya riga nitsewa, jirgi tuntsurawa yake yi.

Ya zagaya tabkin sau biyu yana leƙen gungumen itace da ke iyo a ƙarƙashin ruwa. Sannan ya zo ta kan itatuwan bakin gaɓa, ƙasa-ƙasa, don su ne abu na ƙarshe da zai auna tsayinsa da su. Daga nan ya ɗan ɗaga hanci, ya saita wuta, ya bar jirgin yana sauka sannu-sannu, abin da bai wuce ƙafa 150 a minti ba, ya daina neman ruwan da ido. Muka yi ta tafiya a kan madubin nan, tabki na ƙarewa, ni ina riƙe da numfashi. Ban san mun taɓa ba sai da na ji wani sautin “shhh” a ƙarƙashinmu. Sai a lokacin ya rage wuta ya ce, “To, yanzu ku yi surutunku.”

Kafin ya tafi ya buɗe jakar abincinmu ya duba da idonsa. Ya tambaya na kwana nawa ne, ƙanena ya ce huɗu, kamar yadda matar ofis ta nace. Ya ce madalla. “Alhamis da safe, in gari ya yarda. In ba ku gan ni ba kada ku bi daji da ƙafa, kada ku yi komai. Ku zauna. Ban manta da ku ba.” Ya tura jirgin da ƙafa, ya ɗale kan kwale-kwale, ya shige. Ƙarar injin ta daɗe tana yawo tsakanin tsaunuka kafin ta mutu. Ban taɓa jin shiru irin wanda ya biyo baya ba.

Ɗakin na katako ne, da gadaje na allo ba katifa, da murhun ƙarfe, da ƙaramin kwale-kwale a bakin ruwa. Da la'asar ta yi na juya gabas zan ta da salla, ƙanena ya yi dariya ya nuna mini kamfas. A nan alƙibla arewa take, ta ɗan karkata gabas kaɗan, don hanya mafi kusa zuwa Makka ta ƙoƙon duniya ta bi. Bahaushen da duk rayuwarsa “gabas” yake ce wa alƙibla, ga shi yana kallon arewa yana kabbara. Laraba muka yi ta kamun kifi, muka gasa da yajin da na taho da shi daga gida. Mun ga sawun beyar a laka, saboda haka ko ƙullin ƙuli-ƙuli ba mu bari a waje ba. Akwai wani littafi a kan tebur da baƙi ke rubutu a ciki. Na yi ta buɗawa, na ga kusan kowane shafi kaɗan sai wani ya ambaci jiran jirgi. Na yi murmushi, don ban ɗauka da ni ake ba.

Alhamis muka wayi gari ko bakin tabkin ba ma gani. Hazon gida, na hunturu, ƙura ce busasshiya mai fasa leɓe, kuma na sha kwana a filin jirgin Malam Aminu Kano saboda shi. Wannan kuwa jiƙaƙƙe ne, yana lafewa a gashin ido, yana ɗiga daga rassan itace. Muka ɗaure kaya muka zauna a kansu har azahar. Babu layin waya a wurin, sai wata 'yar na'ura da ƙanena ya yi haya mai aika gajeren saƙo ta tauraron ɗan'adam. Saƙo ya shigo: ba yau ba.

Juma'a ce ta fi ci mini rai. Da hantsi hazon ya yaye, rana ta fito, sama ta yi shuɗi a kan tabkinmu kamar an wanke ta. Na ce to yau kam babu uzuri. Muka kasa kunne. Sha biyu, ɗaya, biyu, ba ƙarar komai sai ta wata mikiya mai farin kai. Na ce wa ƙanena ya rubuta musu cewa nan gari garau yake, kuma gobe jirgina na Nijeriya zai tashi. Ya ce, “Yaya, ka tuna fa abin da ya faru ran Talata.” Na ce ya dai rubuta. Amsar ba ta daɗe ba: a wurinku ne garau, a nan ko tsallaken mashigi ba a gani, mun san da jirginka. Shi ke nan. Na fita bakin ruwa na zauna ina huci. Can da zuciyata ta sauka sai na ga wautata. Ni sama ɗaya nake kallo, ta kaina. Shi kuwa uku yake lissafi: ta inda zai tashi, ta hanya, da ta inda zai sauka, sannan ya sake lissafa su duka don komawa, da man da zai rage masa, da hasken ranar da ya saura. Daren nan muka jiƙa garin kwaki muka sha da sauran sukari.

Asabar wajen sha ɗaya, daidai lokacin da ya kamata in kasance a layin shiga jirgi a Siyatul, muka ji ƙarar nan mai kauri daga kudu. Ban san sanda na fara ɗaga hannu kamar yaro ba. Yau akwai iska, tabkin ya yi ƙananan igiyoyi, sai ya sauka kai tsaye ba wani jan lokaci. Bai ba mu haƙuri ba, mu ma ba mu nema ba. Ya ce mu yi sauri, ƙofar da ya shigo ta ita ba za ta wuce awa biyu a buɗe ba. A hanyar zuwa ƙarshen tabki ya nuna mini yadda ake karanta iska ba tare da tuta ba: gefen da ruwa ya kwanta sumul a bakin gaɓa, daga nan iska ke fitowa, don itatuwa sun tare ta. Dogayen layukan kumfa kuma suna bin tsawon hanyarta. Ya kai mu can ƙurya don kada ya bar ko taku ɗaya na ruwa a bayansa, ya nuna wani mataccen itace a gaɓa ya ce in mun kai nan ba mu tashi ba zai kashe wuta mu sake lale. Mun tashi kafin itacen. Bai nufi tsauni ba sai da ya yi zagaye biyu a kan tabkin yana tara tsayi.

A hanya na gaya masa jirgina ya tafi ya bar ni. Ya ce ya sani, kuma bai ji daɗi ba. Ya ce shekarunsa na tuƙi a nan sun fi talatin, kuma abin da ya fi ba shi wahala bai taɓa zama iska ko hazo ba, domin su ba sa roƙo. Mutum mai kirki da ke tsaye a gabanka da uzuri na gaskiya, mara lafiya, ko mai biki, ko mai jirgin da zai kama, shi ne mai wuyar a ce wa a'a. Na ce masa mu a harshenmu muna da magana a kan haka, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi, na fassara masa, na kuma gaya masa cewa kalmar “tashi” ita muke faɗa wa mai rawa, ita muke faɗa wa jirgi. Ya yi dariya har lasifikar kunnena ta yi ƙara, ya ce in rubuta masa a takarda.

Canjin tikiti ya ci mini kuɗin da har yanzu ban gaya wa uwargida adadinsu ba, kuma na iso gida da jinkirin kwana huɗu. Makonni kaɗan bayan haka na shiga motar haya daga Kano zuwa Kaduna, hadari ya haɗo baƙi-ƙirin bayan mun wuce Zariya, ruwa ya sauko har direba bai ganin bonet. Ya gangara gefe ya kashe mota. Nan take fasinja suka taso masa, wani na cewa yana da taro, wata na cewa sauran motoci ai wucewa suke yi. Na ji bakina ya buɗe zai sa baki, sai na rufe shi. Da na sake buɗewa, cewa na yi a ƙyale shi, shi ke riƙe da sitiyari.

Mai karatu, ko jirgin sama ka shiga, ko kwale-kwalen fito, ko motar tasha, in wanda ke tuƙa ka ya dubi hanya ya ce a dakata, kada ka zama kai ne za ka canza masa ra'ayi. Taron da kake sauri dominsa za a sake yin wani.